Daga randa zuwa lantarki: Tangaran da ke iya adana ƙarfin rana

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Illela ya san halin garin. Da hantsi zafi ya fara, kafin azahar ya haura digiri 40, ko jaki sai ya nemi inuwa. Da almuru kuwa, in an ɗauke wuta, sai gari ya ɗauki ƙarar janareta: na mai cajin waya, na mai ƙanƙara, na mai kemis. Ɗalibin da ke shirin WAEC ko NECO, in gidansu ba janareta, sai ya haska littafi da tocilan waya, ido ɗaya a kan karatu, ɗaya a kan cajin da ke raguwa.

Man da janareta ke sha kuma ba ya da tabbas a garin iyaka. A watan Nuwamban 2019 gwamnatin tarayya ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, Illela na cikin garuruwan da abin ya shafa. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin mai, farashi ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, aka rufe iyaka, Najeriya kuma ta yanke wutar da take ba Nijar, maƙwabtanmu na tsallake suka ɗanɗana nasu duhun.

Abin mamaki, ƙarfin da muke nema da dare yana zuba a kanmu kyauta tun safe. Faifan sola na iya kama shi, kamar yadda tashar megawat 7 da aka buɗe a Malbaza, gabas da Birnin Ƙonni, a 2018 take yi. Matsalar ita ce ajiya. Batirin dalma ba ya daɗewa a ƙasa mai zafi, na litiyom kuma yana da tsada. A wannan mako za mu duba wata hanya ta uku da masana ke aiki a kanta. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, zuciyar wannan hanya wani tangaran ne, ɗan'uwan randar da ke kusurwar tsakar gidanmu.

Darasi daga randa

Me ya sa ruwan randa ke sanyi? Jikin randa cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa na tsatsowa ta cikinsu zuwa waje, iska ta busar da shi, bushewar kuma ta tafi da zafi. Da wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar saka tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da ganye, har ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000.

Ke nan yumɓun da aka gasa na iya zama ƙofa: ya bar wani abu ya wuce, ya tare wani. Tangaran da za mu yi magana a kansa ya fi randa tsantseni nesa ba kusa ba. Ba ya barin ruwa ya wuce, ba ya barin iska, ba ya barin ilektaron. Abu guda yake ba hanya, shi ne furoton.

Ku tuna darasin aji ɗaya na babbar sakandare. Ƙwayar zarrar haidurojin ita ce mafi rashin nauyi: furoton ɗaya a tsakiya, ilektaron ɗaya na kewaya shi. A cire ilektaron ɗin, abin da ya rage shi ne furoton, wanda muke rubutawa H⁺. Duk labarin yau a kan raba waɗannan biyu ne, a sa kowanne ya bi hanyarsa daban.

Mene ne ferobskait?

A shekarar 1839, lokacin da Abubakar Atiku ke Sarkin Musulmi a Sakkwato, wani Bajamushe mai suna Gustav Rose ya yi bayanin wani sabon ma'adini da aka samo a tsaunukan Ural na Rasha. Aka raɗa masa suna don girmama wani Barashe, Lev Perovski. Daga nan aka samu kalmar ferobskait. Ainihin dutsen haɗin kalsiyom ne da titaniyom da oksijin, CaTiO₃. Amma a yau sunan ya zama na dangi guda, duk wani abu da ƙwayoyinsa suka jeru a irin wannan tsari, wanda ake taƙaitawa da ABO₃.

Ku ƙaddara ɗaki mai tsawo da faɗi da tsayi daidai wa daida. A kusurwoyinsa takwas akwai babbar ƙwaya, A. A tsakiyar ɗakin akwai ƙarama, B. A tsakiyar kowane bango huɗu, da tsakiyar daɓe, da tsakiyar rufi, akwai oksijin. Ɗakunan a manne suke da juna ta kowane ɓangare. Kowace kusurwa ɗakuna takwas ke raba ta, don haka rabon ɗaki ɗaya A guda ne. Kowane bango ɗakuna biyu ke raba shi, shida a raba biyu, uku ke nan. A ɗaya, B ɗaya, O uku.

Wannan dangi ba baƙo ba ne a Illela, ko da ba mu san sunansa ba. A cikin kowace wayar hannu akwai ɗaruruwan ƙananan ma'ajiyar caji da aka yi da BaTiO₃. Laitar kunna gas da ake dannawa ta yi tartsatsi, ita ma da wani tangaran ɗan wannan gida take aiki.

A 1981 wani masani ɗan Japan, Hiroyasu Iwahara, da abokan aikinsa a Jami'ar Tottori suka nuna cewa wani ɗan dangin, SrCeO₃, in an ɗan gauraya shi aka kuma zafafa shi a cikin haidurojin, yana barin furoton ya ratsa shi. Daga baya aka gano biyu da suka fi shahara: BaCeO₃, na bariyom da siriyom, da BaZrO₃, na bariyom da zakoniyom.

Yaya abu ke tafiya cikin dutse?

Sirrin shi ne a ɓata tsarin da gangan. A cikin BaZrO₃, zakoniyom na da caji +4. Sai a cire kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na zakoniyom, a maye gurbinsa da itiriyom mai caji +3. Lissafin caji ya samu giɓi, kuma dole ya daidaita. Oksijin na da caji −2, saboda haka duk inda aka saka itiriyom biyu, oksijin ɗaya ya ɓace, wurinsa ya zama kango.

Idan tururin ruwa ya taɓa tangaran mai zafi, sai H₂O ya rabu biyu. OH ya shige kangon, H⁺ ya maƙale a jikin wani oksijin na kusa. Yanzu furoton ya samu shiga gida.

Tafiyarsa kuma irin ta tubali ce a wurin gini. Leburori sun yi layi daga inda aka jibge tubali zuwa gindin bango. Ba wanda ke ɗaga ƙafa. Kowa ya karɓa, ya juya, ya miƙa wa na gaba. Oksijin su ne leburorin, furoton shi ne tubalin: ya kewaya jikin wannan oksijin, ya tsallaka zuwa wancan. Da yake furoton ƙarami ne ainun, ba ya buƙatar zafi mai tsanani kafin ya yi wannan tsalle. Tsofaffin na'urori masu tura oksijin kansa ta cikin tangaran sai an kai su digiri 800 zuwa 1000. Masu tura furoton kan yi aiki a tsakanin 400 da 600. In ma zafi ya wuce kima, ruwan da tangaran ya sha sai ya fice, furoton ya ragu.

Yadda ake yin sa

Wanda ya taɓa kallon maginiyar tukwane ya san matakan: a daka yumɓu, a tankaɗe, a kwaɓa, a gina, a shanya, a gasa. A ɗakin gwaje-gwaje ma haka ne, sai dai ana aiki da sikeli mai auna abin da bai kai ƙwayar gero nauyi ba.

Da farko awo. Ga lissafin, kafin a ƙara itiriyom:

BaCO₃ + ZrO₂ → BaZrO₃ + CO₂

Giram 197.3 na BaCO₃ da giram 123.2 na ZrO₂ za su ba da giram 276.5 na tangaran, giram 44 kuma su tashi a matsayin iskar CO₂. Ku haɗa ɓangarorin biyu, za ku ga kowanne 320.5 ne. Wannan shi ne lissafin mol da da yawanmu ke gudu a aji. A nan kuskure kaɗan na iya ɓata aikin mako guda.

Na biyu niƙa. Ana zuba garin a gwangwani tare da ƙananan ƙwallaye masu tauri, inji ya yi ta juya shi na sa'o'i masu yawa. Na uku gashin farko, a sama da digiri 1000, don sinadaran su haɗu su zama ferobskait. Sai a haska garin da hasken eksire, zanen da ya fito ya nuna ko ɗakunan sun jeru daidai. Na huɗu a danne garin da matsi mai ƙarfi ya zama faifai kamar kwabo. Na biyar gashi na ƙarshe, wanda zai sa ƙwayoyin garin su manne da juna har ƙofofi su toshe. A nan ya rabu da randa: ita ƙofofinta ne amfaninta, shi kuwa in ya bar ƙofa, haidurojin zai zurare ya haɗu da iska ba tare da ya ba da lantarki ba.

Akwai hanya ta biyu, ta ruwa. Ana narka gishirin ƙarafan a ruwa, a zuba sinadarin tsamin da ke cikin lemun tsami, a dafa har ya yi kauri kamar kunu, sannan a ƙone shi. Garin da ke fitowa ya fi laushi, ya kuma fi gaurayuwa.

Kowane allazi da nasa amanu

BaCeO₃ na barin furoton ya wuce da sauri, gashinsa kuma ba wuya. Amma ba ya jure CO₂ da tururi. Suna cin sa, ya koma BaCO₃ da sauran tarkace, faifan ya lalace. BaZrO₃ kuwa jarumi ne a gaban waɗannan iskoki, sai dai taurin kai gare shi a tanderu. Yakan buƙaci kusan digiri 1700 kafin ya toshe. Don ku gane girman wannan zafi: gashin tukwane a fili bai cika wuce 900 ba, tanderun siminti irin na Kalambaina kan kai kimanin 1450, baƙin ƙarfe kuma na narkewa a 1538. A irin wannan zafi bariyom kansa kan fara tashi, awon da aka yi da farko ya rushe.

Akwai wata matsalar da ɗan Illela zai fi kowa ganewa. Faifan tarin ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna. A cikin ƙwaya furoton na gudu, amma a mahaɗar ƙwaya da ƙwaya sai ya ci birki, kamar motar albasa a shingen bincike. In shingaye sun yi yawa, tafiyar awa ɗaya sai ta zama ta wuni. Masana kan tura wutar da ke kai da komowa ta cikin faifan, su riƙa canza saurinta. Da haka suke ware jinkirin da ke cikin ƙwaya da wanda ke kan shinge. Burinsu ƙwayoyi su girma, shingaye su ragu.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka sassauta wannan ƙulli 'yar Afirka ce. An haifi Sossina Haile a Addis Ababa a 1966, iyayenta suka yi hijira zuwa Amurka tana ƙarama. A 2005, tana koyarwa a Caltech, ita da ɗalibinta Peter Babilo suka nuna cewa ɗan ZnO kaɗan, wato haɗin zinki da oksijin, na sa BaZrO₃ ya gasu a digiri 1300. Wasu masanan suka yi amfani da NiO. Wasu kuma suka haɗa siriyom da zakoniyom a faifai ɗaya, don a samu saurin wannan da juriyar wancan.

Batirin da ba a cajinsa

To, me ake yi da faifan? A shekarar nan ta 1839 da aka sa wa ferobskait suna, wani lauya a Birtaniya, William Grove, ya nuna cewa haɗuwar haidurojin da oksijin na iya ba da lantarki. Daga baya ya kira na'urarsa batirin gas. Bambancinsa da batirin da muka sani shi ne, ba ya mutuwa muddin ana ba shi abincinsa.

Na zamani hawa uku ne. A tsakiya akwai tangaran ɗinmu, siriri, kaurinsa bai kai na silin gashi ba. A gefe ɗaya anod, wanda ake yi da nikel gauraye da tangaran. A ɗaya gefen katod. Haidurojin ya iso anod ya rabu:

H₂ → 2H⁺ + 2e⁻

Furoton ya ratsa tangaran. Ilektaron ba shi da izinin wucewa, dole ya zagaya ta waya, a hanya ya kunna ƙwan fitila ko ya caja waya. A katod su sake haɗuwa tare da oksijin na iska:

O₂ + 4H⁺ + 4e⁻ → 2H₂O

Ba fistin, ba ƙara, ba baƙin hayaƙi. In haidurojin ne abincin, abin da ke fitowa tururin ruwa ne. Faifai ɗaya kan ba da kimanin bolt ɗaya ko ƙasa da haka, sai a jera da yawa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙaramin janaretan fetur kan ɓarnatar da fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙarfin mai a zafi da hayaƙi. Batirin gas na tangaran na iya mayar da rabi ko fiye zuwa lantarki. Irin wanda ake sa wa wasu motoci na aiki a digiri 80 kawai, amma sai da filatinom mai tsada. Na tangaran nikel ya ishe shi. Kuma da yake zafinsa bai kai na tsofaffin ba, ana iya yi masa gida da ƙarfen da ba ya tsatsa.

A 2015 masana a makarantar Colorado School of Mines ta Amurka suka samu miliwat 455 daga kowane murabba'in santimita a digiri 500. A 2018 ƙungiyar Farfesa Haile, a Jami'ar Northwestern, ta haura miliwat 500. A wannan shekarar kuma masanan Colorado suka gwada nasu da makamashi iri 11, har da iskar gas da amoniya, wasu gwaje-gwajen suka wuce sa'o'i 6000. A lissafin takarda, faifai mai santimita 10 tsawo da 10 faɗi zai ba da wat 50, abin da zai caja wayoyi biyar a lokaci guda.

Ina ruwan Illela?

Na'urar na iya aiki gaba da baya. Da rana a ba ta wutar sola da tururi, ta fasa ruwa, ta tara haidurojin a tulun ƙarfe. Da dare a mayar mata da haidurojin, ta dawo da lantarki da ruwa. Kilo 9 na ruwa na ɗauke da kilo 1 na haidurojin, kilo ɗayan nan kuma na ɗauke da ƙarfin da ya kai yunit 33 na mita, kodayake ba duka ake samu ya dawo ba. Haka kuma kashin shanun da ke taruwa a karar Illela na iya zama iskar gas in an rufe shi a rami, irin aikin da Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1982, ta daɗe tana yi. Wannan iska, in an tace ta, abinci ce ga batirin tangaran.

Amma kada mu yaudare ku. Ba za ku je kasuwar Illela ko ta Ƙonni gobe ku sayo wannan na'ura ba. Yawancin alƙaluman da muka kawo daga ƙananan faifai ne a ɗakin gwaji. Yin manya ba tare da sun tsage ko sun lanƙwashe ba, da liƙe gefensu kada gas ya zurare, da rage farashi, duk aiki ne da ke gaba. Haidurojin kuma na kama wuta da sauri, ajiyarsa sai da kula. Inda irin wannan tangaran ya riga ya shiga kasuwa shi ne wajen auna haidurojin a cikin narkakken alminiyom a masana'antu. Haidurojin na cikin abubuwan da ke haddasa 'yan ramukan nan da ake gani a jikin tukunyar da maƙeranmu suka zuba.

Kayan haɗin ma ba su yi mana nisa ba. Ana haƙar ma'adinin bariyom a Azara ta Jihar Nasarawa. A tsaunukan Jos, cikin yashin da aka wanke kuza, akwai ma'adinan zakoniyom da siriyom. Sai dai ɗanye muke fitar da su. Abin da ya rage shi ne masu ilimin tacewa da aunawa da gasawa.

Gani ya kori ji

Ku gwada wannan tare da malaminku, a wuri mai iska, nesa da wuta. Ku feƙe fensir biyu ta kowane baki. Ku jiƙa 'yar kanwa a kofin gilashi, ku tace ruwan. Ku soka fensiran a jikin kwali, ku ɗora a bakin kofin, bakunansu na ƙasa su nutse ba tare da sun taɓa juna ba. Ku haɗa bakunan sama da batiri mai bolt 9 ta hanyar waya biyu. Za ku ga kumfa na fita. Gefen da ya fi kumfa, na alamar ɗebewa, haidurojin ne.

Bayan minti biyu ku cire batirin ba tare da kun girgiza kofin ba. Ku aro mitar mai gyaran waya, ku ɗora a kan fensiran. Za ta nuna ɗan ƙarfin wuta, wanda zai riƙa raguwa a hankali. Kun ajiye lantarki, kun kuma karɓe shi, kamar yadda Grove ya gani. Ku rubuta abin da mita ta nuna duk bayan daƙiƙa 10, ku zana shi a takardar giraf.

Sannan ga aikin gida. In an maye gurbin zakoniyom 20 cikin kowane 100 da itiriyom, kangon oksijin nawa za a samu? In ruwa ya cike su duka, furoton nawa za su shiga? Ku kai wa malamin kimiyya amsarku ranar Litinin. Wanda ya samu daidai, ya riga ya yi lissafin farko da duk mai haɗa wannan tangaran ke yi kafin ya kunna tanderu.